Aron Ordinater ɗin Balkisu

Litinin, 2 ga Satumba

Balkisu ta iso Attantane daga Maraɗi da la'asar. Jikata ce, ɗiyar ɗana marigayi Lamine. Shekararta ta ƙarshe a jami'a, karatun noma. Ta zo bincike kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero, da shi za ta tsaya gaban malamanta a ba ta diplom, takardar gama karatu.

Tun daga zaure: "Angona, har yanzu ba ka mutu ka bar mini gado ba?" Na ce amarya, gadon akuya ɗaya ce, ita ma gurguwa.

Ta zo da ordinater, kwamfutar nan ta hannu, jami'a ta ba ta aro. Tana rungume da shi kamar jinjiri.

Laraba, 4 ga Satumba

Kullum da safe tana gonata ta arewa ko ta abokina Na Allah, tana ɗaukar hoton zangarniya, tana ƙirga sawun tsutsa, ta dawo ta zuba cikin ordinater. Tun muna yara muke zagin tsutsar nan, ba mu san ana zama babban mutum da ita ba.

Juma'a, 6 ga Satumba

Bayan masallaci Na Allah ya biyo ni gida. Abokina ne tun kaciya. Ɗanshi Sabiru yana da rumfar cajin waya, yana kuma zuba wa mutane kokowa da waƙoƙi a katin waya. Ordinater ɗinshi ya mutu, mutane suna jira. Na Allah ya ce a ara mishi na Balkisu kwana biyu.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba nawa ba ne. Na sa hannu cewa ba mai taɓa shi sai ni, kuma kod ɗin buɗe shi ba a faɗa wa kowa."

Na Allah bai dube ta ba, ni ya duba. "Ashiru, ashe gidanka an fara hana aro."

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Gidan nan ba a taɓa cewa babu ba. Galma, jaki, tsani, amalanke. Babbar rigata ta je ɗaurin aure sau da yawa ba ni cikinta.

Asabar, 7 ga Satumba

Na kira ta. Na ce jami'ar ma ai aro ta ba ki, ashe ta san daɗin aro. Ta yi ta bayani, rabi da Faransanci, na bar ta ta gama. Sai na ce, ni ne uban ubanki, ki ba shi.

Ta ba shi, har da kod.

Ba ta ci tuwo ba.

Litinin, 9 ga Satumba

Sabiru ya maido shi a goge tsaf, har da goro. Na ce kin gani? Ko ƙwarzane babu.

Talata, 10 ga Satumba

Ashe ciwon a ciki yake. Hotunanta sun ƙi buɗewa, ƙirgen da ta yi duk ya zama shirme. Ta ce katin wayar wani ne ya sa mishi cuta, birus suke ce mata. Na tambaya ko akwai allura. Ba ta yi dariya ba.

Laraba, 11 ga Satumba

Ta tafi Mayahi inda rezo, wato layin intanet, ke da ƙarfi, ko za ta gyara. Tana haɗa shi da jami'a, cutar ta bi hanya. Saƙonnin banza suka yi ta fita da sunanta zuwa ga malamai da ɗalibai. Kafin ta dawo an kira ta a waya: an rufe mata shiga, ta zo Litinin ta yi bayani.

Da ta shigo sai ta ce, "Kaka, ina wuni." Kaka. Tun tana rarrafe ba ta taɓa kirana haka ba. Ruwan alwala ma ta aje ta juya, babu ko zagi ɗaya.

Asabar, 14 ga Satumba

Na ce zan raka ta. Ta ce ba sai na wahala ba. Na ce dama ina son ganin Maraɗi. Ƙarya nake, gwiwata ba ta son mota.

Litinin, 16 ga Satumba

Mun je, mun dawo.

Mai kula da ordinatocin jami'ar mace ce, Madam Rashida, ba za ta wuce sa'ar ƙaramar ɗiyata ba. Ta ba ni kujera. Na fara mata tun daga kaciyarmu da Na Allah, yadda ake fara labari a gidanmu. Balkisu tana ta taka mini ƙafa. Madam ɗin ta saurara har ƙarshe, Allah ya yi mata albarka.

Na ce ni na sa ta, a hukunta ni. Ta yi murmushi. "Baba, da me zan hukunta ka? Ba ka da kod da zan rufe. Sunanta ne a kai."

Ta ce wani abu kuma da na yi ta juyawa cikin mota. Wai ordinater ɗin ba shi kaɗai yake ba, duk a haɗe suke. Wani malami ya buɗe saƙon Balkisu don ya yarda da ita, shi ma nashi aikin ya lalace. Ni a zatona galma na ba da aro. Ashe guga ne na ba mai dattin hannu, ya zura a rijiyar gari.

Hukunci: za a buɗe mata shiga, amma sun karɓe ordinater. Hotuna da ƙirge ba su dawowa. Ko ta sake aikin kafin a girbe geron, ko ta jira wata damina. Shekara guda ke nan.

Laraba, 18 ga Satumba

Gero ya nuna. Maƙwabta sun fara yanka. Balkisu ta ce za ta sake aikin bana. Na ce wa yaran gida kada wanda ya taɓa gonar arewa sai Balkisu ta gama. Suka ce tsuntsaye fa? Na ce su ma bayin Allah ne.

Saura gonar Na Allah, rabin aikinta a can yake. Na je da kaina. Na ce aro na zo, ka ara mini gonarka a tsaye mako guda. Ya ce shi tunda yake bai taɓa jin aron gona da geronta ba. Na ce to, ashe gidanka an fara hana aro. Ya daɗe yana tauna goro, ya zage ni, ya yarda.

Asabar, 21 ga Satumba

Tana ƙirga da waya da takarda. Ni da Na Allah muna bakin gona muna kaɗa gwangwani, tsofaffi biyu, aikin da muka bari tun muna da wando ɗaya. Tsuntsayen ba su jin tsoronmu ko kaɗan.

Laraba, 25 ga Satumba

Ta gama. Mun yanka abin da tsuntsaye suka rage. Ba zan rubuta yawan dammunan ba.

Juma'a, 27 ga Satumba

Da hantsi Na Allah ya zo aron famfon feshi, wakenshi ya kama ƙwari. Famfon na ƙungiyar manoma ne, a ɗakina dai ake aje shi, kuma shekara da shekaru ina miƙa wa duk wanda ya zo. Yau na ce ya fara zuwa wajen Rabo, shugaban ƙungiya, in ya ce a ba shi, ga shi nan. Ba wani abu ba ne. Gidan Rabo ba nisa, kuma Na Allah yana buƙatar motsa ƙafa.

Ya tsaya baki buɗe, ya tafi yana gunaguni.

Ta bayan zana na ji muryar Balkisu, tana haɗa jakar komawa Maraɗi, tana kiran kakarta. "Mairo, zo ki gani! Angona ya tsufa ya fara rowa."

Na yi kamar ban ji ba. Na sa an kama mata zakara.