Kumfa ta cinye mana inji

Yaya Usman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki da iyali? Inna tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi.

Raina a ɓace yake, wallahi. Da kogi ya ja baya, injin ban-ruwanmu ya fara ƙara kamar yana tauna tsakuwa. Na tuna wa Kawu Isa bayaninka na wurin aikinku, inda kuke gwada fikafikan ƙarfe cikin bututun ruwa: in inji ya wahala wajen jan ruwa, kumfa ke fashewa a jikin ƙarfe tana cinsa. Na ce mu sauko da injin kusa da ruwa. Ya yi dariya, wai yashi ne, ya ɗaure bakin bututun injin da buhu ninki biyu don tace yashin!

Ba a yi mako ba injin ya tsaya. Makanike daga garin Madani ya ciro fankar cikin injin duk ramuka, babu ƙwayar yashi ko ɗaya. Albasarmu tana bushewa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajara da yara. Fankar kuwa na rataye ta a ƙofar zauren Kawu, ya riƙa gaishe ta kullum safe.

Ƙaninka,
Haruna