Sandar da Baffa Ya Zaɓa

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen shago. Mama tana gaishe ka.

Na koma takarda ne saboda waya ta gagara. Sau huɗu ina kira, sau huɗu kana cewa akwai mutane a shago, za ka kira daga baya. Ban san mutanen garinku sun kamu da son kifi har haka ba.

Wata bakwai ke nan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, yana takawa har bakin ƙofa, magana ma ta saki sai dai in ya gaji. Hannun dama ne ya yi rauni. Amma abin da ya fi damuna shi ne zaman da ya yi. Ya juya wa taga baya da kujerarsa, abinci sai an yi da gaske, in mai gashin ƙashi ta zo kuwa sai ya ce barci yake ji. Makon jiya ya sa Mama ta sauko da sandunan fatsarsa guda uku daga saman kabad, ya ce a ba duk mai so. Mutumin da ko ƙura ba ya yarda mu share musu. Na ɓoye su a ɗakina, na ci kuka har na gode Allah. Tsoro nake ji, Baffa. In ya rabu da bakin ruwa, ban san me zai sake tayar da shi daga kujerar nan ba.

Ranar Lahadi na je madatsar ruwa ni kaɗai. Na tarar da wasu dattawa biyu zaune a kan katanga, ba sa wurga zare nesa kamar yadda Baba yake yi, sai dai su sake shi ƙasa daf da ƙafarsu. Suka ce sunanta fatsar dalma-a-ƙasa, ba ta son ƙarfin kafaɗa. Daga nan na wuce wani shago, mai shagon ya jera mini sanduna tara, kowacce ya ɗauka sai ya ce ita ce ta ɗaya. Ni lissafi nake koyarwa, kuma na san tara ba sa zama na ɗaya gaba ɗaya.

Kai ne ka shekara talatin kana sayar da kayan fatsa, kai ne kuma ka san hannun yayanka. Ka zaɓa masa sanda da injin naɗe zare da suka dace da wannan fatsar. Bai san na rubuto ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Malama

*

Zuwa ga 'yata Malama,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na kuma sha zagin da ke ciki cikin ladabi. Halin kakarki kika ɗauko, ita ma da murmushi take yanka mutum. A gaida Mamanki da jiki da jinya.

Ga kaya nan a hannun direba, cikin bututun roba. Kada ki bari a ɗora masa buhu.

Bari in yi miki karatu, yau ke ce ɗaliba. A wannan fatsa dalma ce a ƙarshen zare, ita ke zama a ƙasan ruwa. Ƙugiya kuma sama take da ita kamar kamu ɗaya, da tanar roba a maƙale ta hanci. Mutum ya saki zare har dalma ta taɓa ƙasa, ya ɗan ja ya miƙe, sai ya riƙa kaɗa bakin sanda a hankali ba tare da ya ɗaga dalmar ba. Tanar tana rawa a wuri ɗaya, kifi ya zo ya tsotsa. Ba ya fizga, taɓawa kawai yake yi kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Wanda hannunsa bai ji wannan taɓawar ba, wanka kawai ya kai tanarsa.

Shi ya sa na bar manyan sanduna. Wannan tsawonta ya kusa ƙafa bakwai, marar nauyi ce, bakinta da laushi, gindinta da ƙarfi. Injin ƙarami ne, birkinsa yana sakin zare sannu ba tare da sarƙewa ba, don zaren siriri ne, in birki ya cije sai ya tsinke. Na haɗa su na ɗora a yatsa ɗaya, suka tsaya daidai, ba wanda ya rinjayi wani. Mariƙin juyawa na sa shi ta hagu, domin Yaya da dama yake riƙe sanda tun muna yara. Na ɗaura ƙugiya da dalma, sai dai a jefa.

Ga yadda za ki shawo kansa. Kada ki ce masa ga sanda na saya maka, zai ce wa ya aike ki. Ki ce kina so ya duba miki ko an cuce ki. Ki ba shi gindin ya riƙe, ke kuma ki ɗora bakin sandar a maƙogwaronki ki yi magana. Sanda ta gari tana kai rawar murya har tafin hannu. Shi ya koya mini wannan gwajin, kuma har yau da shi nake zaɓar kaya. Na gwada goma sha ɗaya a wuyan maƙwabcina mai gyaran takalmi kafin na tsaya a kan wannan. In Yaya ya ji muryarki a hannunsa, ni na san ba zai kwana biyu bai nemi bakin ruwa ba.

Zan shigo in shago ya lafa.

Naki,
Baffa

*

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Kaya sun iso ba abin da ya same su, na gode.

Na yi yadda ka ce. Da na ce ya duba mini ko an cuce ni, har ya gyara zama, rabon da in ga haka tun kafin ciwo. Ya kalli zobban da zare ke bi ta ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ce wanda ya zaɓi wannan ya san abin da yake yi. Na sa masa gindin a hannun dama, yatsun suka kama. Na ɗora bakin a wuyana na fara magana. Na gaishe shi, na ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin, har karatun 'yan aji ɗaya na yi. Shi dai yana kallon hannunsa. Can ya ce, "Kin fara?"

Yana jina da kunne, Baffa, ya san na fara. Hannun yake tambaya.

Ya buɗe yatsun da ɗaya hannun, ya jingine sandar a bango, ya ce sanda ce mai kyau, a kai wa mai hannu. Ranar ko ruwan shayi bai sha ba. Kwana uku ke nan bai fito falo ba.

Laifina ne da na rubuta maka cewa hannun ya yi rauni. Haka muke faɗa a gida, don ya fi daɗin ji. Gaskiyar ita ce hannun yana motsi, yana kamawa, amma ba ya jin komai. Ran nan ya dafa butar shayi mai zafi, sai da Mama ta ga fatar ta tashi. Ni ban san ji ake nema a sanda ba, na ɗauka rashin nauyi ne kawai.

Amma zan faɗi abin da ke raina, ka yafe mini in na wuce gona da iri. Da ka zo ko sau ɗaya cikin wata bakwai ɗin nan ka riƙe hannunsa, da ba sai na yi maka bayani ba. Tafiyar awa uku ce. Hannun da ka sani a da shi ka zaɓa wa sanda, shi kuwa wannan hannun ba ka taɓa gaisawa da shi ba. Ba ya ambatonka, kuma ka san Baba, abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ba ya ambata.

In mayar maka da kayan ne, ko in ajiye su tare da sauran?

'Yarka

*

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam. Ba ki wuce gona da iri ba. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Na zo, Malama. Ba wanda ya sani sai Mamanki, kuma na roƙe ta kada ta faɗa. Kwana na biyu da kwantar da shi na iso asibiti, na tsaya a bakin ɗaki. Na hango ana ba shi koko a cokali yana zubowa ta gefen baki, Mamanki tana sharewa. Wannan mutumin shi ya goya ni ya haye rafi da ni, shi ya cire mini ƙugiya daga babban yatsa ina ihu yana dariya. Ƙafata ta ƙi shiga. Na juya na hau motar da ta kawo ni. Tun ranar kullum sai na ce gobe, kunyar jiya kuma tana hana ni goben. Ba cinikin da ya riƙe ni. Tsoron ganinsa haka ne, ga shi na faɗa, tsoho da ni.

Kada ki dawo da sanda. Kuskuren nawa ne, kuma yana gyaruwa. Ki duba injin, ɗaya gefen da ke kallon mariƙi akwai ɗan murfi. Ki kwance shi da yatsa, ki zare mariƙin, ki soka shi ta dama, ki mayar da murfin ta hagu. Aikin minti biyu ne. Sanda ta koma hannun hagu, inda ji yake. Na dama kuwa juyawa kawai zai yi, wannan ba ya bukatar ji, ido ya isa. Na sa wani mariƙi mai ƙaton kai a cikin ambulan, ya fi sauƙin kamawa.

Zai yi gardama. Shekara hamsin yana yi wa masu riƙe sanda da hagu dariya, ni ma ban tsira ba. Ki bar shi ya gama, sannan ki miƙa masa.

Ban ce ki gaishe shi ba, don ban san da wane baki ba.

Baffanki

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya. Na juya mariƙin. Minti biyunka ya ci mini rabin awa da farce ɗaya.

Gardamar da ka ce bai yi ba. Na ajiye sandar a cinyarsa ta hagu, na ɗora bakin a wuyana, na ce ba zan daina surutu ba sai ya ɗauka, kuma ya san sana'ata ce. Ya ɗauka don ya rabu da ni. Ban kai ƙarshen jimla ba na ga fuskarsa ta sauya. Ya rufe ido ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Ya ce in yi ƙasa da murya, na yi, ya ce har yanzu yana ji. Mama ta fita tsakar gida wai za ta duba shanya, alhali ba ta yi wanki ba.

Jiya Asabar muka je madatsa da kujerarsa. Dalma ta taɓa ƙasa ya ce dutse ne a nan, muka matsa ya ce nan laka ce. Kifi ya taɓa sau biyu, na biyun ya ɗaga shi har muka ga farin cikinsa, sannan ya kuɓuce. Baba ya yi tsaki irin na da. Ban taɓa jin daɗin tsaki haka ba.

Daga nan dalma ta maƙale a dutse, zare ya tsinke har da ƙugiya. Ya ce a ɗaura wata, kuma dole bakinta ya tsaya yana kallon sama. Yana faɗa ina yi, sau shida, kowane ƙulli ko ya zame ko ƙugiyar ta kwanta. Ya karɓa ya gwada da hagu da haƙori, zaren ya yanke masa leɓe. Dattawan nan ba su zo ba ranar. Muka naɗe kaya tun rana ba ta yi zafi ba. Ina tsoron kada ya sake cewa a kai wa mai hannu.

Wani abu kuma. Da muka dawo ya tambaye ni wa ya gaya mini a juya mariƙi, don ya san ba a koyar da wannan a ajin lissafi. Ban iya yi masa ƙarya ba. Ya ce in kawo takardun, ya karanta duka biyun da kansa, har da ta asibiti. Ka yi haƙuri. Da safen nan ya nemi biro da takarda. Awa guda ya yi a kan abin da na haɗo maka da shi, kuma bai bari na gani ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Malama

*

Ƙanena,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutun, na hagu ne, wata ɗaya ke nan da fara makarantarsa.

Sanda ta yi. Injin ma ya yi. Ƙulli ne ya gagare ni, yarinyar kuma ƙugiyarta ƙasa take kallo.

Na karanta abin da ka rubuta. Ni ma da na ga kaina a madubin asibiti, da ina da ƙafa da na gudu.

Ka zo ran Asabar da sassafe, ka taho da taka sandar. Ba sai ka kalle ni ba, mai fatsa ruwa yake kallo. Ka zauna ta damana, can ne nake da bukata.

Yayanka