Hoton Malam Dalyop a Bangon Coci

Catford, London
6 ga Yuni, 1976

Zuwa ga ƙanwata Jane,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da mai gidanki Katung, da 'ya'ya da jikoki. Yaya idon? Na ji likita ya ce na hagun ma ya fara bin na dama. Allah ya kawo sauƙi. Ni ina nan ina karɓar tikiti a bakin tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, kamar kullum, takardar shaidar malantata kuma tana ƙarƙashin katifa tana hutawa.

Shekara nawa kina tambayata kamannin Baba, ina ce miki ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. To, akwai hotonsa. Yana rataye a zauren cocinmu na nan.

Cocin nan ne da na taɓa ba ki labari, wanda ranar da na fara zuwa a 1958 fastonsu ya riƙe hannuna a ƙofa yana murmushi, ya gode mini, ya roƙe ni kada in sake dawowa, wai jama'a ba su saba ba. Taurin kai ya sa na ci gaba da zuwa, ina zama a bencin baya. Yanzu da mutanenmu ke sauka da arzikin fetur suna kwashe kantunan Oxford Street, sai ga Turawa sun gano baƙin mutum ma yana da rai. Sabon faston, wani mai gemu da jita, ya kafa kwamitin zumuncin launin fata. Mutum tara, duk farare. Za su yi sujadar tuba ƙarshen wata, sun kuma baje tsofaffin hotunan mishan.

Hoton Baba ne na huɗu daga ƙofa. Ba riga, ba wando, sai walki da mashi. A ƙasa an rubuta wai arne kafin zuwan haske. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana wa'azi kafin a ɗauki hoton!

Zan karɓo miki shi tun idonki yana gani.

Yayanki,
Haggai Dalyop

Catford, London
20 ga Yuni, 1976

Ƙanwata Jane,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki gaida Katung, ki ce masa ciwon bayana ya yi sauƙi.

Na je gaban kwamitin. Sun ba ni shayi da biskit, faston ya dafa kafaɗata har sau uku. Na roƙi abu biyu: su ba ni hoton, kafin nan kuma su rubuta gaskiya a ƙasansa. Har na tsara musu rubutun, da Turancin da ya fi nasu: wannan Malam Dalyop ne, mai bishara, mu muka tuɓe shi don mu ba masu taimakon mishan tausayi.

Da kin ga yadda fuskokinsu suka yi ja! Suka ce hoton kayan tarihi ne, sai an tambayi hedkwata, ita kuma ba ta zama sai Nuwamba. Rubutun kuwa, wai 'yar Baturen da ya ɗauki hoton tana cikin ikilisiya, ta tsufa, zai ɓata mata rai. Ita ce wadda shekara goma sha takwas ba ta taɓa shan ƙoƙon Jibin Ubangiji bayan na sha ba. Suka kawo shawara a canza rubutun ya koma ɗan Afirka. Ko sunansa ba su tambaya ba sai da na faɗa sau biyu.

Irin tubarsu ke nan. Suna son zunubi babba, mai faɗi, wanda ya shafi dukan nahiya da shekara ɗari huɗu, saboda shi ba ya da suna, ba a kuma mayar da komai. Ka nuna musu ƙarami guda a jikin bango, mai fuska da 'ya'ya, sai a ce a jira Nuwamba.

Sun kuma roƙe ni in sa kayan gida ranar sujadar, in tashi in ce mun gafarta a madadin baƙar fata duka. Na ce to. Faston har da ƙwalla.

Yayanki,
Haggai

Catford, London
28 ga Yuni, 1976

Ƙanwata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida dukan gida. Yaya idon? Ki buɗe ambulan ɗin nan a hankali, akwai abu a naɗe cikin takarda.

Jiya aka yi sujadar. Kwat ɗina na sa. Sun rera waƙa, sun karanta tubarsu tare daga takardun da aka buga, kamar 'yan aji ɗaya. Da aka kira ni, sai na fita da hoton a hannu, don na sauke shi tun ina shigowa. Na faɗa musu sunansa. Sannan na faɗi abin da ke ma ban taɓa gaya miki ba.

Baturen nan baƙo ne, a 1931 ya zo daga hedkwata da na'urar hoto, ba ya jin Hausa. Ni ne tafinta. Shekarata goma sha tara, ina taƙama da Turancina. Baba ya fito da farar rigarsa ta Lahadi da Littafi a hannu, don yana murna za a ɗauke shi. Da bakina na ce masa wai ya tuɓe. Ya dube ni, ya tambaya ko na ji daidai. Na ce na ji daidai, ya yi sauri, Bature yana jira. Mama ce ta riƙe rigar. Kina goye a bayanta. Har ya rasu bai sake ta da maganar ba.

Da na gama, na zaro almakashi na yanke kan Baba daga wuya, na sa a aljihu. Sauran na mayar cikin gilashinsa na miƙa wa faston. Na ce jikin nasu ne, su suka tuɓe shi, su rataye har Nuwamba. Gafarar baƙar fata duka kuma ba a ba ni ajiyarta ba. Ba wanda ya yi motsi sai tsohuwar nan 'yar Baturen, da ta ɗauki jakarta ta fita. Mai kiɗan cocin bai san abin yi ba, ya kama waƙar rufewa.

Ga shi nan, Jane. Ki fita da shi tsakar gida da hantsi, inda haske ya fi yawa. Goshinki ne sak. Ba Baturen yake kallo ba, ni yake kallo, don ina tsaye a gefen na'urar.

Na yi miki ƙarya shekara arba'in. Ba ni da kwamiti, ba ni da hedkwata. Ke nake roƙo ki gafarta mini, in kin ga dama.

Yayanki,
Haggai Dalyop