Ranar da Aka Karya Mini Gwiwa Don Tunawa da Ƙwallon Ingila

Zuwa ga Alhaji Isufu, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa mazauna Faransa, Barbès, Paris.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara, da jama'ar kanti. Ni ne Laminu ɗan Malam Habu na Damagaram, wanda kuka yi ƙuruciya tare. Ina zaune a Bron, gefen Lyon, inda a da nake lodin kaya a wani kamfanin jigila. Sau uku ina rubuto maka, shiru. In na buga waya a ce ka fita. Shi ya sa na ba da wannan a karanta a gaban jama'ar ƙungiya.

Ga abin da ya faru, saboda waɗanda ba su sani ba. Bara ka kira ni ka ce wasu Turawa masu ƙungiyar tarihin wasanni za su shirya wasan ƙwallon ƙafa a Paris, don cikar shekara ɗari da kafa gasar lig ta Ingila. Za a maimaita wani wasa na manyan kulob biyu na zamanin tsohuwar sarauniyar Ingila, da kayan da, da dokokin da, a ɗauka a fim. Suna neman baƙin mutum ya tsare gida, domin an ce a wancan zamani akwai wani baƙi da ya yi suna da haka. Ka san shekara shida ina tsaron gida a kulob ɗin unguwarmu. Ka ce zan fitar da mu kunya. Na yi murna, har na ɗauko matata Zainabu da cikinta na wata shida muka hau jirgin ƙasa.

Na ɗaya, maganar takardar da aka ba ni in sa wa hannu kafin wasa. Ka san Faransancina na baki ne, karatun bai nuna ba. Kai ka riƙe takardar, ka ce suna ne kawai da adireshi, na sa hannu. Sai da nake kwance a likita wata ma'aikaciya ta karanta mini ita: duk raunin da na samu a kaina yake, kuma na yarda a yi mini yadda ake yi wa ɗan wasa irina a wancan zamani.

Na biyu, abin da ka sani ka ɓoye. Da na sa aka rubuta wa Turawan, sun amsa cewa shugabanmu, wato kai, ya halarci zaman shiri, an gaya masa komai, ya amince. Amsar tana hannuna.

Ranar wasa aka sa mini rigar ulu da hula da takalmi mai ƙusoshi. Ƙwallon ta fata ce, ta sha ruwan sama ta yi nauyi kamar turmi. 'Yan kallon da ke bayana an yi musu shigar mutanen da, an raba musu ruɓaɓɓen dankali, an ce su yi wa baƙin mai tsaron gida ihu. Da suka fara kukan biri na yi murmushi, na ce wasa ne. Can sai na ji zagin ya tashi daga Turancin da aka koya musu, ya koma Faransancin yau, irin wanda nake ji a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wannan ba wanda ya rubuta musu shi. Zainabu tana zaune a tsakiyarsu.

A dokar da, halal ne a bangaje mai tsaron gida ko ƙwallo ba ta hannunsa. Mutum uku suka taho mini a guje suka kayar da ni. Mai ɗaukar fim ya ce bai samu da kyau ba, a sake. Aka sake. A na uku wani ƙato ya sauka da ƙusoshinsa a gwiwata ta dama, na ji ƙas kamar an karya kara. Na yi ihu a cikin taɓo, dankali yana ta sauka a bayana.

Alƙalin wasa ya duƙo ya ce mini a wancan zamani ba a canjin ɗan wasa. Suka ɗaga ni suka jingina da ƙarfen gida, aka ci gaba. Ƙwallo huɗu ta wuce ni ina kallo, kowace da tafi da shewa. Na ɗaga kai ina neman wanda zai ce a tsaya. Na hango ka, Alhaji, a rumfar manya, cikin babbar rigarka mai ruwan bula, kusa da shugaban Turawan. Mun haɗa ido. Ka ci gaba da tafi.

Motar likita ba ta shigo ba sai da aka ba da kofi aka ɗauki hoto. A hoton ma kishingiɗar da ni suka yi a gaba, wai haka 'yan wasan zamanin da suke yi.

Na uku, zuwanka likita. Sau ɗaya ka zo, da lemu a leda. Ka ce ƙaddara ce, in yi haƙuri, kada in kai ƙara, domin mutanen nan su ne ke samo mana zauren da muke sallar Idi. Daga nan ka rubuta wa babana cewa na zame ne a matakalar metro. Tsohon nan ya aiko yana sa maka albarka, wai ka tsaya mini a baƙon wuri.

Ga inda nake yanzu. An yi mini aiki sau biyu, an sa ƙarfe, likita ya ce ƙafar ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Kamfani ya sallame ni, ba a lodi da sanda. Katin zamana saura wata uku ya ƙare, kuma ba a sabunta wa marar aiki cikin sauƙi. Ina da shekara ashirin da tara, a kan kujera nake salla. Zainabu ta haifi mace. A hawa na huɗu muke, ban taɓa sauko da 'yata a hannuna ba. Watan jiya aka nuna fim ɗin a wani zaure a nan Lyon. Wani da muka yi aiki tare ya gani, ya ce wurin da aka take ni sun rage masa gudu don a gani sosai, kuma mutane sun yi dariya.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ka zo gaban lauyan da ma'aikaciyar likita ta haɗa ni da shi, ka faɗi yadda ka karanta mini takardar nan. Ka sa hannu tare da ni a nemi a daina nuna fim ɗin. Sannan ka gaya wa babana gaskiya da bakinka kafin watan nan ya mutu. In ba ka yi ba, zan ɗauki wannan wasiƙa a kaset da muryata in aika gida, ya saurara shi da mutanen zaurensa.

Jama'ar da ke jin wannan, kowa ya nemi mai karanta masa takarda na biyu kafin ya sa hannu.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, Alhaji, ya tsare 'ya'yanka daga irin ranar da na gani. Allah ya bar maka ƙafafunka biyu da ƙarfinsu, ka tako har hawa na huɗu ka dube ni.

Wassalam.

Laminu Habu, Bron.