Ƙwallon da Aka Soke wa Dogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka juriyar zaman nesa. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda.

Yaya, maganar ɗanka Dogo da ke hannunmu ce ta sa na ɗauki biro. Ka san maigidana alƙalin wasa ne, to shi aka ba wasan ƙarshe na gasar unguwanni. Ya roƙi a sauya shi tunda akwai ɗan gidansa a ciki, aka ce ƙungiyoyin biyu da shi kaɗai suka yarda. Ana dab da tashi Dogo ya zura ƙwallo, fili ya kaure da ihu, sai maigidan ya busa usur ya ce da hannu ya tura ta. Aka soke, aka je bugun fenareti, su Dogo suka sha kashi. Ga shi ranar kocin wata babbar ƙungiya ya zo neman 'yan wasa, ya ɗauki golan ɗaya ɓangaren ya tafi.

Tun ranar gidan nan ba daɗi. Dogo ya kwashe kayansa ya koma shagon abokinsa mai gyaran waya, ko abinci na aika sai ya dawo da shi. Inna tana ta faɗa, wai naka naka ne, kawar da kai kawai ya gagara? 'Yan layinmu sun daina amsa wa maigidan gaisuwa, har an fasa masa fitilar babur. Shi kuwa duk ya rame. Ya ce mini shi ya saya wa yaron takalmin ƙwallo na farko, da bai gani ba da ya fi kowa tsalle, amma ya gani, kuma golan nan ma ɗan wani ne.

Jiya na sami Dogo a shagon, na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah. Ya ce e, ya taɓa da hannu, amma duk filin ba wanda ya gani sai Baba, wato maigidana. Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji. Kada ka yi masa faɗa, ka dai ce ya dawo gida.

Ka gaishe mini da Anti da Auta da 'yan biyu. Inna tana sa muku albarka.

Taka har kullum,
Ƙanwarka