Sun Tambaye Ni Wace Ce Rahinatu

Zuwa ga Rahinatu, matata, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, kurciyar da ta zaɓi reshen gidanmu ta sauka alhali ga manyan itatuwa a gari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daga Dubai gaisuwa mai nauyi, wadda waya ta kasa ɗauka. Ya gida, ya karatu, ya ƙoƙari? Ya idon Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, ke kuma Ya saka miki da abin da hannuna ba zai taɓa iya biya ba. Alhaji Ja'afar na Sabon Gari zai taso jibi da kayansa, na roƙe shi ya damƙa miki wannan takarda hannu da hannu. Na koma wa biro ne saboda sati uku ke nan in na kira ki sai ki gaishe ni da ladabi, ki ce kowa lafiya, ki yi shiru. Wannan shiru naki, Rahina, ya fi mini ranar garin nan zafi. Kuma ni na jawo shi.

Kin tuna yammacin Juma'ar da muka zauna a bakin kogi, ƙasan gada, saura kwana huɗu in taso? Kasuwa ta watse, motocin shanu suna ta wucewa a samanmu, masunta suna jawo jiragensu gaɓa, balbelu sun yi layi a kan yashi kamar an shanya fararen kaya. Muka sayi soyayyen kifi a takarda, kika cire mini ƙaya da hannunki. A nan na ciro waya na nuna miki yadda zan riƙa turo miki saƙo ta kirifto, kuɗin nan na intanet, ya iso cikin minti kaɗan ki mayar da shi naira. Ba ki yi rawar kai ba. Kika ba ni labarin 'yan ajinku a jami'a da suka zuba kuɗin makarantarsu a wata manhaja, aka wayi gari ta ɓace da komai. Kika ce kin yarda, amma da sharaɗi biyu: in bi ta kamfanin da hukuma ta san da shi, kuma kada in taɓa ɓoye miki wani abu da ya same ni a baƙon wuri, mai daɗi ko marar daɗi. Na rantse miki. Rana tana faɗuwa a kan ruwa, fuskarki ta yi ja kamar nunannen mangwaro, na ji a raina babu alkawarin da ya fi wannan sauƙin cikawa. Ashe ban san kaina ba!

Sharaɗin farko na riƙe shi. A nan kirifto ba abin raɗa ba ne. A shagon turaren da nake aiki akwai masu sayen da ba sa ciro ko takardar kuɗi ɗaya, waya kawai za su ɗaga su biya. Abokan aikina, da ɗan Pakistan da 'yar Filifin, da shi suke aika wa iyayensu duk ƙarshen wata. Amma kada ki ga sauƙin, an kewaye shi da ƙa'ida ta ko'ina. Kamfani ba ya buɗe ƙofa sai da lasisi. Kafin su ba ni asusu sai da suka karɓi fasfona da katin zamana, suka ɗauki hoton fuskata, suka tambayi inda nake aiki. Duk abin da ya shigo suna so su san daga wa ya fito, duk abin da ya fita suna so su san hannun wa zai faɗa. Shekara ɗaya da rabi ina bin wannan hanya lafiya lau, ban taɓa cin karo da kowa ba.

Sai Bilya. Kin san shi a baki, ɗan garin Darki ɗin nan da muke ɗaki ɗaya, wanda ya tarbe ni a filin jirgi, ya ba ni katifarsa kafin in sami tawa. Katin zamansa ya ƙare, aka tsayar masa da asusu. Ya zo ya same ni ya ce wani mutum da ya yi wa aiki zai biya shi, in ara masa asusuna a turo ta nan. Na san ƙa'ida ta hana. Na karanta da idona, na sa hannu. Amma mutumin da muke ci a kwano ɗaya, ta yaya zan dubi idonsa in ce a'a? Kunya ta kama ni, na ce to. Kwana biyu bayan nan na buɗe waya zan turo miki kuɗin aikin idon Inna, na tarar an kulle asusun. Abin da ya shigo don Bilya, sun bi sawunsa sun gano ya ratso ta wani asusu da aka kai ƙara kan damfarar mutane. Nawa da nasa, guminmu na halak da abin da ban san asalinsa ba, duka aka riƙe.

A nan ne na karya sharaɗi na biyu, hasken gidana. Kika kira kina tambaya, ga ranar aikin da likita ya tsayar ta matso, na ce miki manhajar ce ta sami matsala, gobe za ta gyaru. Gobe ta zo na ce jibi. Wallahi ba raini ba ne. Na kasa ne in buɗe baki in ce miki abin da kika gargaɗe ni a bakin kogi na faɗa cikin ɗan'uwansa da ƙafafuna. Na fi son ki ɗauke ni wanda na'ura ta ba wa kunya da ki ɗauke ni marar wayo. Girman kai ne, na sa masa rigar tausayinki.

Kamfanin ya kira ni ofishinsa. Wani dogon bene ne na gilashi, daga tagar hawan da suke kana hango teku shimfiɗe kamar babu ƙarshensa. Wata mata ce ta zaunar da ni, dattijuwa mai tabarau, ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, har ruwa ta sa aka kawo mini. Ta ce doka ce ta ɗora musu su bincika, in ba su yi ba su ma za a karɓe lasisinsu. Na faɗa mata gaskiyar zancen Bilya. Shi ma, Allah Ya gani, bai gudu ba, ya zo ya rubuta da hannunsa cewa shi ya roƙe ni. Daga nan ta shiga duba duk abin da na taɓa aikawa tun zuwana, sai ta ga suna ɗaya ne yake ta maimaituwa wata bayan wata. Ta ɗago kai ta ce da ni, "Wace ce Rahinatu Salisu a wurinka?"

Na ce matata ce. Ta ce in kawo takarda.

Rahina, wace takarda? Aurenmu a ƙofar masallacin Achika aka ɗaura shi, Malam Ɗantani ya yi addu'a, aka raba goro da dabino, rabin gari ya shaida. Wa ya taɓa tunanin wata rana wata baƙuwa a saman bene za ta nemi hujjarsa a rubuce? Amsoshi sun cika mini ƙirji amma babu wadda za ta shiga fom ɗinsu. In ce mata ke ce ƙamshin ƙasa a ruwan farko? In ce ke ce korayen fadama lokacin da ko'ina ya bushe? In ce akwai wata yarinya da take dariya da idanunta kafin bakinta ya sani, wadda ta bar gidan mahaifinta a cikin gari ta zo ta zauna da tsohuwata tana jan hannunta zuwa bayan gida, da safe kuma ta hau babur ta tafi lacca? Wane gurbi ne a takardarsu zai ɗauki wannan? Na sauko daga benen nan ina jin kewarki tana taso mini kamar kogi a watan Agusta, ta cika, ta tumbatsa, ta rasa inda za ta bi.

Kuma duk da haka ban kira ki ba. Kin ga iyakar wautata.

Ranar Laraba ta zagayo, sai ga wayar Inna. An yi aiki, an cire yanar idon, ta ga hasken taga. Ta yi ta zuba mini albarka, wai ɗanta ya tuna da ita daga nesa, Allah Ya ba ni masu yi mini. Na yi ta cewa amin, alhali ni na san ban aika ko ƙwandala ba. Na ɗauka wana, Yaya Yahuza, ne ya rufa mini asiri. Na kira shi in yi godiya, in kuma roƙe shi ya nemo mini shaidar aure a ɓoye. Ya bari na gama tsaf, sannan ya gaya mini ba shi ba ne. Ya ce ke ce kika ɗauki kwamfutarki, wadda kike rubuta aikinki na kammala digiri a cikinta, kika kai Kano kika sayar, kika biya asibiti, kika ce wa kowa saƙon Garzali ne ya iso. Ya ce yanzu a wayarki kike ƙarasa rubutun, da ɗan yatsa, harafi bayan harafi. Ya kuma ce shaidar aure ba ta samuwa sai da hotonki da sa hannunki, don haka ba zai ɓoye miki ba, kuma ko da tana samuwa ba zai taya ni ba.

Kin san sauran. Kin ji komai daga bakin da ba nawa ba. Kika ɗauki Malam Ɗantani da shaidu biyu kuka je kotu, kika yi zaman jira har la'asar, kika karɓo takardar. Kika ɗauki hotonta kika turo mini, babu sallama a sama, babu ko kalma a ƙasa. Na daɗe ina kallon sunayenmu biyu a jere da hatimi a gefensu. Ban taɓa ganin abin da ya faranta mini rai ya kuma ƙona ni lokaci guda kamar wannan hoto ba.

Takardar ta yi aiki. Ranar Alhamis da ta wuce suka buɗe mini asusu, suka saki abin da yake nawa, suka riƙe wancan har hukuma ta gama bincikenta. Matar ta ja mini kunne cewa in na sake ara wa wani asusuna, ko uwarmu ɗaya, rufewar ta har abada ce, kuma zancen zai iya taɓa zamana a ƙasar. Na ce mata na ji. Bilya yana can yana fama da nasa, ina yi masa addu'a, ban kuma ɗora masa laifin da yake nawa ba. A cikin kayan Alhaji Ja'afar akwai kwali da sunanki, kwamfuta ce. Ki karɓa don aikinki, kada ki ɗauke ta a matsayin ban-haƙuri. Na san abin da na fasa ba a kanti ake sayar da shi ba.

Jiya bayan sallar Azahar na kira Inna. Na ce mata albarkar da ta sa mini ba tawa ba ce, na ɗauki kayan wani ne na riƙe, na faɗa mata komai tun daga Bilya har zuwa kwamfutar. Na zaci za ta yi salati. Dariya ta yi, irin 'yar ƙaramar dariyarta. Ta ce, "Garzali, ido ne ya ƙi ni, kunnena garau yake. Kullum ina jin ƙaf-ƙaf ɗin abin nan daga ɗakinta, rana ɗaya na daina ji, washegari aka ce kuɗi sun zo. Ranar da nake sa maka albarka tana zaune kusa da ni. Don wa kake zaton na ɗaga murya?"

To kin ji, farin watana. Ku biyu kuka zauna a ɗaki ɗaya kowacce tana rufa mini asiri, ni ina nan ina zaton ni ne mai dabara.

Ba na roƙon ki manta. Ina roƙon ki yi mini faɗa. Ki kira ni ki zazzage duk abin da kika haɗiye, ki ce na ba ki kunya, ki ce na raina hankalinki, zan tsaya in ji har ƙarshe ba zan kare kaina ba. Tsawarki ta fi mini daɗi a kan wannan lafiya-lau ɗin da kike ba ni, domin bayan tsawa ruwa ake samu, ni kuwa ƙasata ta bushe. Daga yau abin da ya same ni da safe, kafin rana ta take kin ji shi daga bakina, ko da zai zubar mini da girma a idonki. Na nemi hutu a wurin maigidana, ya yarda in zo ranar da za ku yi bikin kammala karatu. Zan tsaya a cikin taro in ga kin karɓi sakamakon aikin da kika ƙarasa da ɗan yatsa, in Allah Ya kai mu.

Kafin nan, ki sani babu wata a zuciyata sai ke, a garin nan mai fitilu da kowane gari da ƙafata za ta taka, yau da gobe har ranar da za a miƙe ni a dama. Ki gaishe mini da Inna da Yaya Yahuza, ki kuma yi wa Malam godiya.

Naki, mai laifi, mai jiran kiranki, wanda ba zai taɓa sauya ki ba,

Garzali