Ɗigon da Mai Hoto Ya Goge

Zuwa ga jikata, amaryar tsufana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki. Ni dai jiki sai lallaɓawa, gidan kuma ya yi mini faɗi tun rasuwar kakarki. Gwaggonki na leƙowa da abinci in ta taso aiki, amma ba ta zama. Ki yi haƙuri da rubutun, yana hawa tudu yana gangarowa.

Maganar hoton nan ce da kika turo bara ta wayar kawunki. Na ba mai hoto na bakin titi ya wanke shi babba, na rataye saman rediyo. Duk wanda ya shigo sai in nuna masa farin tauraron tsakiya, in ce jikata ta gano shi. Sai da kika kira kwanan baya na fahimci ashe wannan an daɗe da saninsa. Kin ce jariri ne cikin taurari, haskensa na danne na kusa da shi, iska kuma na sa hoto rawa, shi ya sa madubin na'urarku ta hangen taurari ke lanƙwasa kansa ba hutawa don daidaita hasken. Wahalarki duka, kika ce, a kan ɗan ɗigon gefen hagu take, abokin tafiyarsa, shi ne kika gano.

Na duba bangon, kawunki ma ya duba, babu ɗigo. Da aka tambayi mai hoton, sai ya ce datti ya gani ya goge, yadda yake goge ƙurajen amare, wai gyara ya yi mini. Garin neman gira aka rasa ido. Kawunki ya buɗe na asalin a waya, ya ƙara masa girma, na ce na gani don kada ya damu. Hazo kawai na gani. Bara ina karanta jarida, da an bar ɗigon da na gan shi. Yanzu likita ya ce idon ba zai dawo ba.

Kada ki turo wani hoton. In kin samu hutu ki zo da kanki, ki kama yatsana ki ɗora a wurin, ya ishe ni. Kada dai ki ja lokaci.

Ki gaida maigidanki abokin kishina, da Autarku, da ƙanwar babanki da ke can wurinku.

Naki,
Kakanki